Ko Kun Sani? Bokitin Ruwan Ƙanƙara da Ya Tara Miliyoyin Daloli

A watannin Yuli da Agusta na 2014, wani yayi ya ɓarke a Amurka: mutum ya sheƙa wa kansa bokitin ruwan ƙanƙara, ya ɗora bidiyon a Facebook, sannan ya ambaci sunayen wasu, ya ba su awa 24 su yi irin nasa ko su ba da sadaka.

Da gani wasan yara ne, amma dalilinsa babba ne: tara kuɗi domin yaƙi da cutar ALS. Cutar ALS kan lalata jijiyoyin da ke motsa tsokoki sannu a hankali, har magana da haɗiya da numfashi su gagari mai ita. Ita ce ta zaunar da masanin kimiyya Stephen Hawking a keken guragu. Wasu matasa biyu masu fama da ita, Pete Frates da Pat Quinn, su suka rura wutar yayin. Har Bill Gates sai da ya jiƙa kansa.

An yi ta sukar abin da cewa neman suna ne kawai. Duk da haka ƙungiyar ALS ta Amurka ta tara dala miliyan 115, kuma wani kaso na kuɗin ya taimaka wa binciken da a 2016 ya gano alaƙar ƙwayar gado ta NEK1 da cutar. Frates ya rasu a 2019 yana da shekara 34.