Masu turin fim a ƙasar Gumel: Idan kaya sun yi wa kai yawa, ina mafita?

Duk ranar Alhamis, kafin hantsi ya ɗaga, garin Maigatari ya cika ya batse. Ga shanu da raƙuma da tumaki daga ƙasar Damagaram, ga tireloli suna jiran lodi zuwa Kudu, ga 'yan canji suna juya naira da sefa. A gefen wannan hada-hada akwai wata 'yar sana'a da ba kowa ke kula da ita ba: rumfa ko ɗan shago, kwamfuta ɗaya, lasifika tana tashin waƙar fim, wayoyi a jere suna caji. Ta wannan rumfa ce fim ɗin da aka ɗauka a Kano yake isa hannun ɗan kallo na ƙauye.

Mai karatu, dubi mai rumfar da kyau. Wannan ya miƙo masa memori a zuba masa 'Izzar So', wancan yana son Indiya-Hausa, wani kuma ya zo karɓar wayarsa an neme ta an rasa. Ana cikin haka janareto ya ɗauke. Maiɗakinsa ta bugo waya, ba a bar kuɗin cefane ba. Mai fetur ya aiko yaro yana bin bashin jiya. Shi ne mai jari, shi ne yaron shago, shi ne akawu, shi ne makanike. In ka tambaye shi ya kasuwa, zai ce maka alhamdu lillahi. In kun saba, sai ya rage murya ya ce, "Wallahi kaina ya ɗau zafi."

Irin wannan mutum yana nan a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, wato sauran ƙananan hukumomin da suka haɗu da Maigatari suka yi masarautar Gumel. Mujallu sun sha buga labarin jarumai da furodusoshi, amma ba kasafai ake waiwayar wanda ke can ƙarshen layin ba.

Sana'ar da ƙasa ke zame mata

Abu na farko da ke sa kai ya yi zafi a wannan harka shi ne ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da 'Turmin Danya', har zuwa lokacin da 'Sangaya' da 'Wasila' suka ja hankalin duniyar Hausa, kaset ne sarki. Ɗan kasuwa zai hau mota zuwa Kano, ya saro a Ƙofar Wambai ko Bata, wani da kuɗi hannu, wani bashi, ya dawo ya sayar ko ya ba da haya. A watan Disamba na 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 aka sake tsayar da ɗaukar fim na tsawon watanni. Duk lokacin da aka yi atishawa a Kano, sai mai shago a Gumel ya kamu da mura, domin in babu sabon fim babu ciniki.

Daga nan sidi ya kori kaset, waya ta kori sidi. Tashar Arewa24 ta zo a 2014, sai kuma finafinai masu dogon zango suka koma YouTube. Kowane juyi sai ya bar wani da tulin kayan da ba mai saye. Wanda ya koma turi ma bai tsira ba: furodusoshi da dama suna kallonsa a matsayin wanda ya kashe masu kasuwa, ga shi kuma matasa masu babbar waya sun iya sauke fim da kansu.

Sai kuma abubuwan da ba ruwansu da fim. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin Nijeriya, ba a buɗe ta Maigatari ba sai a Disamba 2020, ga korona a tsakani. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, alhali wannan sana'a ta 'yan canji ce, hamsin da ɗari. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai N200 ba ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce N1,000. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufe iyaka har zuwa Maris 2024. A garin da baƙin Alhamis ne ke riƙe da cinikin mako, ai ba sai an faɗa ba.

Ba ragwanci ba ne

Matsalar ita ce a al'adarmu namiji ba ya cewa ya gaza. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji masu iya magana, don haka sai mutum ya haɗiye. Sai barci ya ƙaurace masa, ya riƙa lissafi a kan gado har asuba. Ya fara yi wa kwastoma tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya koma gida ya huce a kan iyali. Wani ya koma shan magani barkatai wai don ya samu ƙarfin aiki.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace irin wannan gajiya da ke zuwa daga matsin aikin da aka daɗe ba a shawo kansa ba. Ta ba da alamu uku: ƙarewar kuzari, jin mutum ya tsani aikin nasa, da kuma raguwar ƙwazo. To ka ga ashe ba lalaci ba ne, ba kuma sammu ba ne. Kaya ne suka yi wa kai ɗaya yawa.

Yadda ake sauke kayan

Dabara ta farko ita ce a raba damuwar gida biyu. Farashin mai, rufe iyaka da ɗauke wuta ba a hannun mai shago suke ba, ko ya kwana yana tunani ba zai canza su ba. Amma wa zai ba bashi, ƙarfe nawa zai rufe, nawa zai cira don gida, duk waɗannan a hannunsa suke. Nan ya kamata ƙarfinsa ya tafi.

Ta biyu, littafi da biro. Bashin da ke cikin ka yana girma da dare, amma wanda aka rubuta, da boko ko da ajami, ya tsaya a adadinsa. Ya rubuta wanda yake bi, wanda ke bin sa, da abin da janareto ya sha a yini. Sau da yawa a nan mutum zai gane cewa awannin rana da yake ƙona mai babu kowa ne ke cinye ribar dare. Haka nan wayar caji: a ba kowa lamba, ɗaya a hannunsa ɗaya a jikin wayar. Wannan 'yar takarda ta isa ta kashe rigimar da kan kai mutane wurin 'yan sanda.

Ta uku, aljihun shago daban, na gida daban. Ya yanka wa kansa abin cefane na kullum kamar mai albashi, kuɗin mai da na gyara kuma kada a taɓa su ko da biki ya taso. In akwai adashi na mutanen da ya yarda da su, ya shiga daidai ƙarfinsa. Zubin da ya fi ƙarfin mutum shi ma wani kayan ne.

Ta huɗu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da yawa ba sa yarda su bar yaro a kan kwamfuta don tsoron ɓarna ko 'yan ɗauke-ɗauke. Amma wanda bai koyar da kowa ba, ba shi da ikon yin zazzaɓi, ba shi da ikon zuwa jana'iza. A fara da ƙarami: yaro ya riƙe caji, maigida ya riƙe turi da kuɗi, a yi lissafi da dare. In an samu haka, sai ya ware wa kansa yini guda, ko rabin yini bayan ranar kasuwa, ya kashe waya ya zauna da 'ya'yansa.

Ta biyar, kada a rungumi komai lokaci guda. Gaskiya ne in kiɗa ya canza dole rawa ta canza, shi ya sa wasu suka haɗa da POS, wasu da sayar da data, wasu suka sa sola don su huta da fetur. Amma taura biyu ba ta taunuwa. A ƙara sana'a ɗaya, a bar ta ta zauna, sannan a duba ta gaba.

Daga ƙarshe, a yi magana. Mai bin ka bashi ya fi sauƙin kai in ka je da ƙafarka ka ce, "Alhaji, ga abin da zan iya kawowa duk Alhamis," a kan ka riƙa sauya hanya in ka hango shi. Maiɗaki ma in ta san halin da ake ciki, ta fi iya tattali. In kuwa abin ya kai mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke yi wa mutum daɗi, ko ya fara jin rayuwar ma ta ishe shi, to ya wuce shawarar majalisa. Ga Babban Asibitin Gumel nan kusa, ga kuma asibitin ƙwararru kan lafiyar ƙwaƙwalwa a Kazaure. Zuwa wurin likita ba hauka ba ne, kamar yadda awon hawan jini ba abin kunya ba ne.

Alhamis mai zuwa kasuwar Maigatari za ta sake ci, lasifika za ta sake tashi. Duk wanda ya miƙa wayarsa a zuba masa fim, ya daure ya biya kuɗinsa nan take, kada ya ce sai wani mako. Mai rumfar ya riga ya sayi man da ya kunna masa kwamfutar.