Ƙofa biyu, amsa ta ɓace tsakanin Gombe da Abuja

Ofishin tarayya a Gombe da ya jona babbar kwamfutarsa, wato saba, da layi biyu, na Galaxy Backbone da na MTN, yana gudun katsewar intanet ne. Sai dai a nan matsala kan ɓuya. Buƙata daga hedikwata a Abuja ta shigo ta layin farko, amsa ta fice ta na biyu, katangar tsaro ta watsar da ita, domin ba ta ga shigowarta ba. Wata ya ƙare, bayanan albashi ba su isa ba.

Kafin a zargi layi, a duba teburin hanyoyin sabar, a bar babbar mafita guda, a keɓe wa adireshin hedikwata hanyarsa, sannan a bi sawun saƙo da traceroute.