Zagayen Turai a jirgin ƙasa tare da matasan gida: shirin da ake yi tun kafin tashi

Kowace shekara, da zarar an rufe lakwal a ƙarshen watan Yuni ko farkon Yuli, manyan tashoshin jirgin ƙasa na Turai sukan cika maƙil da matafiya masu goye da jaka a baya. Yawancinsu ɗalibai ne, amma a cikinsu akwai iyaye da suka ɗebo ƴaƴansu masu shekara 13 zuwa 17, wato waɗanda sun wuce a riƙe musu hannu, ba su kuwa kai a sake su su tafi su kaɗai ba. Cikin mako biyu ko uku irin wannan iyali yakan ratsa ƙasa biyar ko shida da tike guda ɗaya. Mutumin Nijar da jirgin da ya sani shi ne na Kwatano zuwa Paraku, a zamanin da yake ɗaukar fasinja, zai yi mamakin wannan. Amma maganar ba ta yi nisa da shi ba, domin akwai ma'aikata da ƴan kasuwa da ke zaune da iyalinsu a Faransa da Baljik, akwai kuma masu kai musu ziyara lokacin hutu.

Tiken da ake magana a kai sunansa Interrail. An fito da shi a shekarar 1972, lokacin da Ƙungiyar Jiragen Ƙasa ta Duniya ta cika shekara 50 da kafuwa. Da farko na matasa ne kaɗai, ƴan shekara 21 zuwa ƙasa, yana aiki wata guda a cikin ƙasashe 21. Daga baya aka yi ta ɗaga iyakar shekarun, har a 1998 aka buɗe shi ga kowa. Yau ƙasashe 33 ke karɓarsa. Yana da wa, mai suna Eurail, wanda ya girme shi, tun 1959 ake sayar da shi ga baƙin da ke zuwa daga wasu nahiyoyi. Bambancinsu yana ga inda mutum ke zaune: wanda mazauninsa ke Liyon ko Bruxelles Interrail zai saya, wanda ya taso daga Yamai ko Maraɗi kuwa Eurail ne nasa. Jiragen da za su shiga ɗaya ne.

Yaro ɗan shekara 4 zuwa 11 ba ya biyan kuɗin tike idan yana tare da babba, kowane babba kuma yana iya ɗaukar yara biyu. Daga shekara 12 zuwa 27 farashin matasa ake biya, wanda rangwamensa ke kaiwa kashi 25 cikin 100. Shekarun yaro a ranar da tiken zai soma aiki su ake dubawa. Saboda haka uban da ɗansa zai cika 12 a tsakiyar Yuli ya dace ya dubi kalanda da kyau kafin ya tsai da ranar tashi.

Ƙidayar kwanaki

A nan ne iyalai da yawa ke yin kuskuren farko. Tiken iri biyu ne. Akwai na kwanaki a jere, daga kwana 15 har zuwa wata uku, wanda mai shi ke iya shiga jirgi kullum. Akwai kuma na zaɓi: kwana 4, 5 ko 7 cikin wata guda, ko kwana 10 ko 15 cikin wata biyu. Ranar tafiya tana somawa ƙarfe 12 na dare ta ƙare ƙarfe 12 na daren da ke biye, a tsakaninsu kuwa mutum na iya canza jirgi sau nawa ya ga dama. Ga iyali mai matasa, na zaɓi ne ya fi dacewa, don ba mai son kwana yana goye da jaka kullum.

A ɗauki misalin miji da mata da ke zaune a Paris, da ƴarsu mai shekara 16 da ɗansu mai 13. Sun zauna gaban taswira, kowa ya faɗi garin da yake so. Aka jera: Paris zuwa Amsterdam, awa uku da ƴan mintoci, Amsterdam zuwa Berlin, wajen awa shida, Berlin zuwa Prag, inda jirgi ke bi ta Dresden ya riƙa gefen kogin Elbe, awa huɗu da ɗoriya, Prag zuwa Viyana, awa huɗu, Viyana zuwa Venis da jirgin dare, Venis zuwa Tirano ta Milan, Tirano zuwa Zurik ta kan duwatsu, sa'an nan Zurik zuwa gida. A kan takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Amma da aka ƙidaya sai aka samu ranakun tafiya takwas, tike kuwa na bakwai ne ko na goma. Dole ke nan a zaɓi ɗaya cikin uku: a sayi na goma a bar kwana biyu a banza, ko a sayi tike na dabam don zango mafi araha, ko a cire gari guda.

Cire garin shi ne ya fi. Sauri ya haifi nawa: birni bakwai cikin mako uku yana nufin ba inda za a kwana uku cikakku, ranar isa ta tafi a neman masauki, ranar tashi ta tafi a ɗaure kaya. Babba yana iya daurewa saboda ya biya kuɗi. Yaro ɗan shekara 13 ba zai daure ba, tun daga birni na huɗu duk gidajen tarihi za su zame masa iri ɗaya. Kwana uku a kowane babban birni, da zango ɗaya a ƙaramin gari inda ba abin yi sai iyo a tafki da barci, shi ne ma'aunin da ke hana faɗa.

Akwai wata ƙa'ida da ta shafi masu Interrail kaɗai. A cikin ƙasar da mutum ke zaune, tiken yana aiki rana biyu tak, ta fita da ta dawowa, kuma ana cire su daga cikin adadin kwanakin da aka saya. Iyalin Paris ba za su iya amfani da shi su yi yawo a kudancin Faransa ba kafin su ƙetare iyaka.

Tike dabam, kujera dabam

Samun tike ba ya nufin samun wurin zama, wannan kuwa shi ne abin da ya fi cin kuɗin da ba a yi lissafinsa ba. A Faransa da Italiya da Sipaniya, jirage masu gudun tsiya ba a shigarsu sai an kama kujera tun da wuri, an biya kuɗinta a gefe. A cikin Faransa kuɗin yakan soma daga yuro 10 ga kowane mutum, na jiragen da ke ƙetare iyaka kuwa ya fi haka nesa. Bugu da ƙari, a jiragen Eurostar, waɗanda ke haɗa Paris da Bruxelles da Amsterdam da Landan, kujerun da aka ware wa masu wannan tike ƙididdigaggu ne. Mutum ɗaya yana iya dacewa da ragowar kujera ana gobe tafiya, mutum huɗu da wuya. Hausawa na cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, amma a watan Agusta a tashar Gare du Nord, mai wurwuri ne ke tafiya, mai wuri ya tsaya yana kallo.

A Jamus, Ostiriya, Suwis, Holand da Baljik, yawancin jirage ba su wajabta kama kujera ba, ana shiga a zauna inda aka samu. Duk da haka a lokacin hutun 2024 an wajabta shi ga akasarin manyan jiragen da ke ƙetare iyakar Jamus, saboda cunkoso. Ko ba a wajabta ba, uwar da ba ta son ta yi awa shida tana leƙen ƴarta daga wani tarago gara ta biya.

Wani lokaci jirgi maras sauri ya fi. Hanyar Bernina, daga Tirano ta Italiya zuwa cikin Suwis, tana hawa har mita 2253 sama da teku, a ga ƙanƙara kan duwatsu tsakiyar watan Yuli. UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2008. Jirgin masu yawon buɗe ido da ke binta yana bukatar kuɗin kujera. Jirgin mutanen yankin kuwa, wanda ke bin dogo ɗaya yana tsayawa ƙauye-ƙauye, tike kaɗai ya ishe shi.

Jirgin dare shi ne abin da yara suka fi tunawa. Kamfanin jiragen Ostiriya ya farfaɗo da shi a watan Disamba na 2016 da sunan Nightjet, lokacin da wasu ƙasashe ke janye nasu. Fa'idarsa biyu ce. Yana maye gurbin kuɗin masauki na dare guda, kuma ranar tashi kaɗai ake ƙidayawa, muddin ba a canza jirgi bayan ƙarfe 12 na dare ba. Akwai wurin zama, akwai ɗaki mai gado huɗu ko shida, akwai kuma ɗakin barci na sosai mai tsada. Iyali mai mutum huɗu ya kama ɗaki mai gado huɗu ya rufe ƙofarsa, amma irin waɗannan ɗakuna su ke fara ƙarewa, watanni kafin hutu. Kwana a zaune don tsimin kuɗi asara ce, domin ranar da ke biye duka za ta tafi a hamma da fushi.

Takardu

Yarjejeniyar Schengen, wadda aka sa wa hannu a 1985 ta soma aiki a 1995, ta haɗa ƙasashe 29 bayan shigar Bulgariya da Romaniya. Mai fasfo na Nijar da ba mazaunin can ba yana bukatar biza, wadda ke ba shi kwana 90 cikin 180. Ana nemanta wajen ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, tare da takardar inshorar lafiya da ta kai yuro 30.000. Tun watan Yuni na 2024 kuɗinta yuro 90 ne, wato jika 59 da ƴan kai. Rabin farashi na yara ne daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12. Ɗan shekara 13 kuɗin babba zai biya. Mutum huɗu ke nan jika 236, tun ba a taka ƙafa a jirgi ba. A lura kuma cewa ƙasashen tike da ƙasashen biza ba su zo daidai ba: Ingila, Irlanda da Turkiyya suna karɓar tiken, amma bizar Schengen ba ta shiga da mutum cikinsu.

Maganar yara tana da nata nauyi. A Faransa, tun ranar 15 ga Janairu 2017, yaron da ke zaune a ƙasar ba ya fita ba tare da ɗaya daga iyayensa ba sai da takardar izini mai sa hannun uba ko uwa, haɗe da kwafin katin shaidar wanda ya sa hannu. Kawu ko gwaggo da suka ɗauki ɗan ɗan'uwa su tafi da shi, wannan doka ta hau kansu.

Masauki, kaya da rabon aiki

Gidajen kwanan matasa sun samo asali daga wani malamin lakwal Bajamushe, Richard Schirrmann, wanda ya buɗe na farko na dindindin a Altena a 1912, don ɗalibansa su sami wurin kwana idan sun fita yawo. Su ne mafi araha, kuma da yawa suna da madafa inda baƙo ke dafa abin da ya sayo, abin da ke sauƙaƙa wa mai kula da halal. Sai dai wasunsu ba su yarda ɗan ƙasa da shekara 18 ya kwana a ɗakin taro ba. A tambaya tun daga gida, a kama ɗakin iyali.

Kaya kuwa, kowa ya goyi nasa. Jakar da yaro ba zai iya ɗagawa sama da kansa ya sa a maratayar jirgi ba ta yi masa yawa, kuma a ƙarshe wuyan uba za ta koma. Tufafin kwana biyar sun isa, akwai injin wanki a kowane birni. Kuɗi ma ba iri ɗaya ba ne ko'ina: a Prag kurona ake kashewa, a Zurik faran na Suwis, kuma Suwis ba ta cikin Tarayyar Turai, saboda haka layin salula na Faransa da ke aiki ba ƙarin kuɗi a Jamus da Italiya yana iya cin mutum a can.

Tun 2020 tiken ya shiga cikin salula, ta manhajar Rail Planner. Dole a rubuta kowane jirgi a ciki kafin a hau shi, kuma wayar ta riƙa haɗuwa da intanet a kai a kai. A wannan fanni ƴar shekara 16 ta fi ubanta hannu, ya kamata kuwa a bar mata shi. Ƙanenta a ba shi karatun allon tasha da neman lambar dandamali, ko riƙon kuɗin abincin rana guda. Matashin da aka ba aiki ba ya tambayar yaushe za a isa. A kuma bar musu safiya: a Berlin cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, kowa yakan kwanta a makare, wanda ya tsara jirgin ƙarfe shida na safe shi ya jawo wa kansa.

Ƙofofin jiragen can suna rufe kansu, ba su jiran wanda ya tsaya sayen ruwa. Don haka tun a gida ake yanke shawara a kan rabuwa: wanda jirgi ya tafi da shi ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya a dandamalin da ya sauka, wanda aka bari ya biyo jirgi na gaba. Kowane yaro ya riƙe takarda a aljihu mai ɗauke da adireshin masaukin daren nan da lambar iyayensa, rubuce da biro, domin batirin salula yana mutuwa. Lambar neman agaji a duk ƙasashen Tarayyar Turai da Suwis ita ce 112, kiranta kuma kyauta ne.