Tsohuwar Akori-kura: A Riƙe ta ko a Sauya ta? Darasi Daga Ilimin Tsufa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, ko wata kasuwar ƙauye a ƙasar Funtuwa a lokacin kaka, ya san motar nan ta ɗaukar kaya wadda Hausawa suka laƙaba wa suna akori-kura. Da yawa daga cikin tsofaffinsu ƙirar Peugeot 504 ce, wadda jama'a ke kira Fijo. An fara ƙera wannan samfuri a ƙasar Faransa a shekarar 1968. Kamfanin Peugeot na Nijeriya, wanda aka kafa a 1972, ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma ya ci gaba da fito da 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Ke nan ko autarsu ta kai kimanin shekara 20 a kan hanya.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, manomi ko ɗan kasuwa mai irin wannan mota ya shiga tsaka mai wuya. In ya riƙe ta, ga shan mai ga zaryar gareji. In ya sayar da ita ya ciko ya sayi wata, kamar Toyota Hilux, jarin shekara da shekaru ne zai tafi a rana ɗaya. Wannan maƙala za ta duba matsalar ta fuskar abin da masana suka gano game da tsufa, na mai rai da na ƙarfe, domin a nuna cewa yawan shekarun mota ba shi ne ma'aunin da ya kamata a yanke shawara da shi ba.

Yadda lalacewa take tafiya

A shekarar 1825 wani masanin lissafi a Ingila, Benjamin Gompertz, ya yi nazarin alƙaluman mace-macen mutane, ya gano cewa haɗarin mutuwa yana ƙaruwa ne ta hanyar ninkawa. Binciken da aka yi bayansa ya nuna cewa daga wajen shekara 30, wannan haɗari kan ninka kusan kowace shekara 8. Kafin nan kuwa akwai wani lokaci mai haɗari, wato jarirantaka, sannan a sami shekarun ƙuruciya da samartaka waɗanda mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu.

Injiniyoyi ma sun ga kwatankwacin haka a wajen na'urori. Idan aka zana yawan lalacewar na'ura a kan takarda daga ranar da aka saye ta, zanen kan fito da siffar kasko: gefe biyu a ɗage, tsakiya a kwance. Gefen farko shi ne lokacin da kurakuran ƙira da na harhaɗawa suke bayyana. Tsakiya shi ne lokacin kwanciyar hankali. Gefe na biyu shi ne lokacin da sassa suka cinye, lalacewa ta riƙa zuwa a kai a kai. Abin lura a nan shi ne, mota ba abu ɗaya ba ce. Tarin sassa ce dubbai, kowane da nasa kaskon. Batir na iya kasancewa a gefen farko, giyabos a tsakiya, kulochi kuwa ya kai gefen ƙarshe, duk a cikin mota ɗaya.

Abin da ake musanyawa da wanda ba a musanyawa

Jikin ɗan Adam yana gyara kansa dare da rana. Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kimanin kwana 120 sannan a maye gurbinsu. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanji ba su wuce 'yan kwanaki. Ƙashi kansa ana sabunta kusan kashi 10 cikin 100 nasa a kowace shekara. Amma akwai sassan da ba su da madadi, kamar farin rufin haƙori da mafi yawan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Abin da ya lalace a cikinsu ya tafi ke nan. Saboda haka ne dillalin shanu a kara ba ya tambayar shekarar haihuwar sa. Bakinsa yake buɗewa ya dubi haƙora.

Mota ba ta gyara kanta, bakanike ne ke yi mata wannan aiki. Taya, filogi, batir, birki, lagireto, sifirin da kulochi duk ana sauya su. Inji ma ana sauke shi a sa masa sababbin ringi, ko a ɗora wani gaba ɗaya. Abin da ya yi daidai da haƙori a jikin mota shi ne shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da inji da gidan direba da akwatin kaya. Abubuwa biyu ne ke kashe shi.

Na farko shi ne gajiyar ƙarfe. Idan mutum ya ɗauki waya ya riƙa lanƙwasa ta gaba da baya, za ta karye ko da bai ja ta da ƙarfi ba. Wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, shi ya yi nazarin wannan al'amari a tsakiyar ƙarni na 19, bayan da ƙarafan da ke riƙe da ƙafafun jirage suka riƙa karyewa ba zato. Ya nuna cewa nauyin da ake ɗorawa ana saukewa sau dubbai kan haifar da 'yar tsaga wadda ido ba ya gani, tana girma a hankali har ƙarfen ya rabu. Akori-kurar da aka yi wa lodin da ya wuce ƙima, ta bi hanya mai gargada, kowane rami lanƙwasa ɗaya ce ga shasinta. Walda kan taimaka na ɗan lokaci, amma zafinta na sauya yanayin ƙarfen da ke kewaye, shi ya sa sau da yawa tsagar kan sake ɓullowa a gefen ɗinkin.

Na biyu shi ne tsatsa, wadda ke samuwa idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Bushewar iskar Arewa tana rage ta, amma kayan da ake ɗauka suna ƙara ta. Takin zamani, gishiri, kanwa da fitsarin dabbobi duk suna hanzarta cin ƙarfe, musamman idan suka haɗu da laka suka maƙale a lungunan ƙasan mota har damina ta wuce.

Shi kuwa inji babban abokin gabarsa a wannan yanki ƙura ce. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai kaifi. Idan matatar iska ta huje, ƙurar kan shiga ta gauraya da baƙin mai ta riƙa goge bangon silinda. Hayaƙin salansa na ba da labarin halin da ake ciki. Shuɗi-shuɗi na nuna injin yana ƙona baƙin mai, baƙi na nuna fetur ya yi wa iska yawa, fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuwa alama ce ta ruwa na shiga inda bai kamata ba. Duk waɗannan suna da magani. Ruɓaɓɓen shasi ne ba shi da shi.

Darasin ɓera da jemage

A 1977 wani masanin ilimin halittu na Birtaniya, Thomas Kirkwood, ya kawo bayani a kan dalilin da ya sa wasu dabbobi suke saurin tsufa. Gyaran jiki yana cin abinci da ƙarfi, haihuwa ma haka, don haka kowace halitta sai ta raba abin da ta samu tsakanin biyun. Ɓera a daji da wuya ya cika shekara, domin kyanwa da mujiya da maciji suna dakonsa. Ba shi da ribar gina jikin da zai yi shekara 20, sai ya zuba ƙarfinsa a haihuwa. Ko a ɗakin bincike inda babu mai farautarsa ba ya wuce shekara 2 zuwa 3. Jemage kuwa, wanda wasu nau'o'insa ba su fi ɓera girma ba, fiffike ya tserar da shi daga yawancin maƙiya, kuma akwai masu haura shekara 30.

Ƙa'idar ita ce, gyara yana da amfani ne gwargwadon sauran kwanan da abin da aka gyara zai yi. Ɗora sabon inji a kan lafiyayyen shasi kamar jarin jemage ne, zai daɗe yana biya. Ɗora shi a kan shasin da ya tsage ya sha walda sau uku kuwa kashe kuɗi ne a kan abin da ba zai kai baɗi ba. Haka kuma kuɗin da aka kashe bara ba su da gurbi a wannan lissafi. Mai mota kan ce ba zai rabu da ita ba tunda bai daɗe da sauya mata giyabos ba. Wannan kuɗi ya riga ya tafi, ko an riƙe ta ko an sayar. Abin tambaya shi ne nawa za ta ci daga yau, nawa kuma za ta kawo. Hausawa sun ce sabo turken wawa.

Lissafin mai

Alal misali, a ƙaddara tsohuwar tana shan lita 14 a kowace kilomita 100, wadda ake son saye kuma lita 10, sannan a sa kuɗin lita naira 1,000 don sauƙin lissafi. Bambancin lita 4 ne. A ƙaddara kuma bayan an sayar da tsohuwar sai an cika naira miliyan 8. Manomin da ke yin kilomita 8,000 a shekara, tsakanin gona da gida da kasuwar mako, zai rage lita 320, wato naira 320,000. Sai ya yi shekara 25 kafin rarar mai ta mayar masa da cikonsa. Ɗan kasuwar da ke yin kilomita 40,000 kuwa zai rage lita 1,600, wato naira miliyan 1 da dubu 600, ya fanshe kuɗinsa cikin shekara 5. Mota iri ɗaya, farashi ɗaya, amma amsa ta bambanta saboda nisan tafiya.

A kan wannan sai a ɗora kuɗin gyara na shekara, da kuma kwanakin da mota ta yi a kwance. Kwana uku a gareji ba komai ba ne ga mai ɗaukar masara, domin masara tana jira. Ga mai ɗaukar tumatir daga Kadawa kuwa, kwana ɗaya a bakin hanya cikin rana na iya cinye uwar kuɗi da riba. Wanda ke rubuta abin da ya kashe a ɗan littafi na tsawon shekara guda ya fi mai dogaro da tuni sanin gaskiyar motarsa.

Mota da muhallinta

A ilimin halittu ba a cewa wata dabba ta fi wata sai an faɗi inda za ta zauna. Doki ya fi raƙumi gudu, amma a Hamada raƙumi ne ke kai kaya. Tsohuwar Fijo tana aiki da kafireto, wanda bakaniken ƙauye zai kwance ya wanke ya mayar a gindin bishiya, kuma kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna sun daɗe suna samar da kayan gyaranta, ko da yake nagartattun sassa suna ƙara wuya tun da aka daina ƙera ta. Motocin baya-bayan nan suna aiki da injekta da kwamfuta mai sarrafa inji. Sun fi tsimin mai da ƙarancin hayaƙi, amma ba su jure gurɓataccen mai, musamman masu amfani da dizal, kuma gano cutarsu kan bukaci na'urar da sai a birni ake samu.

Bugu da ƙari, abin da yawancin mutane ke iya saye ba sabuwa ba ce fil, 'yar Kwatano ce ko ta hannu. Wato ana musanya tsohuwar da aka san ciwonta ne da wata mai matsakaicin shekaru wadda ba a san tarihinta ba, kuma ana iya mayar da agogon kilomitarta baya. Ita ma sai an shiga ƙarƙashinta da fitila an duba, kamar yadda za a duba ta gida.

Abin da ba ya shiga lissafin kuɗi

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma gwargwadon yawan jama'a nahiyar Afirka ce ta fi kowace shan wannan asara. Tsofaffin akori-kura ba su da jakar iska mai tare direba, ba su da birkin zamani mai hana taya kullewa. Ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa da nauyin kaya, kuma idan gudu ya ninka biyu ƙarfin kan ninka huɗu.

Akwai kuma haɗarin da ba a gani. Hayaƙin inji na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama sinadarin himogulobin na jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Idan salansa ta huje, daɓen gidan direba kuma ya ci tsatsa, iskar kan shigo ta jawo ciwon kai da jiri da gyangyaɗi a kan sitiyari. Direban da kullum yake sauka daga doguwar tafiya da ciwon kai ya kamata a duba masa salansa tun kafin a zargi rana.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa shawarar tana rataye ne a kan tambayoyi huɗu. Shin shasi lafiyayye ne, babu tsaga babu ruɓa? Kilomita nawa motar ke yi a shekara? Wane irin kaya take ɗauka, mai jira ko mai lalacewa? Akwai bakanike da kayan gyara a kusa ga wadda ake son saye? Idan shasi na da ƙarfi, tafiya kaɗan ce, kaya kuma busassu ne, gyaran inji da birki da salansa ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma a nan maganar Hausawa ta da tsohuwar zuma ake magani ta yi daidai. Idan kuwa shasi ya tsage, ko tafiya ta yi yawa, ko ana ɗaukar mutane, to lokacin rabuwa ya yi, kuma gara a sayar tun tana tashi da kanta, domin ranar da ta kwanta a hanya farashin 'yan gwangwan kawai za a taya ta.