Durƙushewar Cibiyar Manhaja Yayin Rufe Sadarwa: Bayani da Zaɓen Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Duk wayar Android da ake gyarawa a Potiskum tana aiki ne bisa cibiyar Linux, wadda Linus Torvalds ya fitar a 1991. Sai dai kalma ɗaya, wato "ta mutu", ita ake yi wa wayar da batirinta ya ƙare da wadda manhajarta ta tsaya. Wannan maƙala za ta bayyana nau'i guda na tsayawar manhaja, sannan ta ba da shawarar kalmomin da suka dace.

2.0 Asalin Matsalar

Cibiya ita ce sashen manhaja mai raba wa kowane aiki gurbinsa a ma'adanar na'ura. Idan aka buɗe sadarwa, sai ta ware gurbi. Idan aka rufe, sai ta sake shi. Matsala kan auku ne idan wani aiki da aka ɗaga wa lokaci ya farka bayan an saki gurbin, ya taɓa shi. Misalinsa shi ne wanda ya sayar da sa a kasuwar shanu ta Potiskum, aka ɗaure na wani a turken, sai yaronsa da bai ji labari ba ya zo ya kwance.

3.0 Bin Sawu

Kafin ta tsaya, cibiya kan rubuta jerin ayyukan da take ciki. Abin lura shi ne, inda ta faɗi ba lalle nan ne laifin yake ba. Saboda haka ake amfani da KASAN, wanda aka shigar cikin Linux a 2015. Shi kan nuna wurare uku: inda aka ware gurbin, inda aka sake shi, da inda aka taɓa shi daga baya. Magani shi ne a soke aikin da ke jira kafin sakin gurbi, ko a riƙa ƙidaya masu riƙe da shi.

4.0 Kammalawa

Bisa wannan bayani, muna ganin "cibiya" ta fi "ƙwaya", fassarar kai-tsaye wadda kan kai tunani ga magani. Haka nan "durƙushewa" ta fi "mutuwa", domin abin da ya durƙushe yana iya tashi. "Bin sawu" kuwa ya fi "gyara", tun da neman dalili ke gaba. Ke nan, ƙirƙirar kalmar fannu tana bukatar sanin aikin abu kafin raɗa masa suna.