Cimar Yara Masu Lalurar Otizim da Ɗawainiyar Masu Renonsu

A wannan ɗan taƙaitaccen sharhi za a dubi matsalar cin abinci ga yara masu lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana siffofinta dalla-dalla a 1943, bayan ya nazarci yara 11, kuma tun a lokacin ya lura da wahalar ciyar da wasunsu.

Sau da yawa irin wannan yaro kan kafe a kan abinci iri biyu ko uku. Akasarin mutane sukan ɗauka taurin kai ne, alhali kuwa ɗanɗano da ƙanshi da taɓi ne suke isa gare shi da ƙarfin da ya wuce kima. Yauƙin miyar kuɓewa, ko warin daddawa, ko gudajin da ke cikin kunu, duk kan zame masa azaba, sai ya koma ga gayan shinkafa ko burodi. Idan aka daɗe a haka, jiki kan rasa sinadarin ƙarfe da bitamin A da C, taurin bayan gida kuma ya biyo baya.

Galibi uwa ce ke ɗaukar nauyin. Ko dai ta ɗora tukunya biyu, ko ta daina dafa abin da yaron ya ƙi, har cimar gidan baki ɗaya ta ƙuntata. Ɗure, wanda aka saba da shi a gidajenmu, tsoron abinci yake ƙara masa, ban da haɗarin shaƙewa. Abin da ya fi dacewa shi ne a riƙa ajiye ɗan lomar sabon abinci kusa da wanda ya saba, a maimaita kwanaki da yawa ba tare da tsawa ba. Hana shi alkama da madara kuwa, bincike bai tabbatar da amfanin hakan ba, ga shi madara na cikin abubuwan da ke ƙarfafa masa ƙashi.