Jariri, Doki da Dabbar Kiwo: Yadda Busiri Ya Zana Zuciya a Burda

Masu rera Burda a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram, musamman a watan Maulidi, sun fi ɗokin baitocin yabon Manzon Allah (SAW). To amma kafin Imam Busiri, mutumin Misira da ya rayu a ƙarni na 13, ya kai ga yabo a wannan ƙasida mai baiti kusan 160, sai da ya tsaya a fasali na biyu ya tuhumi zuciyarsa. A ganina, nan ne gwanintarsa ta fi fitowa.

Zuciya ba ta ganuwa, don haka ya ara mata jiki, abin da manazarta waƙa ke kira mutuntarwa da dabbantarwa. Ya fara da furfura, wadda ya mayar baƙon da ya sauka ba a tanadar masa tarba ba. Daga nan ya nuna zuciya a matsayin doki mai tutsu da ke buƙatar linzami, sannan jariri: in an ƙyale shi ya girma da son nono, in an yaye shi ya haƙura. Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta yaye gidan kaka ta san kukan na 'yan kwanaki ne.

Hoton kiwo ya fi sauran zurfi, kuma shi aka fi wucewa da sauri. A nan zuciya dabba ce da aka saka a makiyaya, makiyayar kuwa ayyukan alheri ce. Gargaɗinsa shi ne, idan ka ga ciyawar ta yi mata daɗi, ka janye ta. Me ya sa? Saboda mutum na iya yin nafila ko sadaka alhali abin da yake kiwatawa son a yabe shi ne. Shi ya sa Busiri ya biyo da guba da aka ɓoye cikin maiƙo, har ya ja kunne cewa wata yunwar ta fi ƙoshi illa.

A lura, babu inda ya ce a kashe zuciya. Jariri, doki da dabba duk masu rai ne da ake reno da horarwa. Abin da ya hana shi ne a sakar mata ragama ta zama mai hukunci.

Ina roƙon malamanmu masu biya wa ɗalibai Burda, in an zo wannan fasali a dakata, a warware hotunan ɗaya bayan ɗaya da Hausa kafin a wuce.